Tambaya ga masu Jamusanci: opera ɗin Wagner da tsofaffin waƙoƙin Jamus

Ɗan Bagalam

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Tambaya gare ni ga waɗanda suka karanci Jamusanci a cikinmu, musamman masu adabi. Ina koyon harshen nan Maradi don ina da niyyar tafiya karatu in Allah ya yarda, to mushen da ke koya mana ya sa mana wani kiɗa na Richard Wagner a portabul ɗinshi, irin wasan nan da ake ce ma opera wanda ƴan wasa ba su magana sai dai su rera komi da waƙa ga makaɗa wajen ɗari suna biye da su, ya ce mana labarin daga waƙoƙin Jamusawa na shekara 800 da suka wuce aka ɗauko shi. Abin ya shiga raina na je na nemo rubutun na zauna da ƙamus amma wallahi rabi ban gane ba, kalmomi irin su Minne da Recke da hehr babu su cikin littafin da muke karatu da shi.

Abin da nake son sani, Jamusancin da ake rerawa cikin opera ɗin shi ne tsohon na wancan zamani? Kuma labaran ya bar su yadda ya tarar ko ya taɓa su? Mi ya kamata mutum ya fara karantawa. Na gode.

Mushe na Mokoyo

Wa alaikumus salam ƙanena. Amsa a gajarce, a'a ba tsohon harshen ba ne. Jamusancin ƙarni na 19 ne Wagner ya rubuta, amma ya cusa tsofaffin kalmomi da gangan don ya ji ƙamshin da, shi ya sa ko Bajamushe ɗan asali sai ya riƙe takarda yake bin wasu wurare, saboda haka kada ka ga laifin kanka. Minne soyayya ce irin ta ƴan fada, Recke jarumi, hehr abu mai girma da kwarjini, duk daga tsofaffin littattafai ya tsinto su.

Shi tsohon harshen ana ce mishi Mittelhochdeutsch, an yi amfani da shi daga wajen 1050 zuwa 1350. In ka gan shi za ka ji kamar ka sani kamar ba ka sani ba. Sun rubuta mîn inda yau ake cewa mein, hûs inda ake cewa Haus, kuma har yanzu mutanen Suwis suna furta su kusan yadda aka yi a da. Wahalar ba ta ga furuci ba, ma'ana ce ta sauya, misali wîp a lokacin mace ce kawai babu raini a ciki, yau ka kira mace Weib faɗa ka nema.

Yanzu labari. Babbar waƙarsu ita ce Nibelungenlied, an rubuta ta wajen 1200, ba a san sunan mai ita ba, galibin masana suna ganin a yankin kogin Danub ne wajen garin Passau. Baiti kusan 2400 ne, kowane da layi huɗu dogaye, an raba ta babi 39. Siegfried ɗan sarkin Xanten ya zo Worms a bakin kogin Rhin neman auren Kriemhild ƙanwar sarki Gunther, aka yi sharaɗi sai ya taimaki Gunther ya samu Brünhild, sarauniya mai ƙarfin tsiya wadda ba ta auren kowa sai wanda ya ka da ita a jifan mashi da jifan dutse da tsalle. Siegfried ya sa alkyabbar ɓata ya yi aikin, Gunther yana ta motsa hannu kamar shi ke yi. Bayan shekaru matan biyu suka yi cacar baki a ƙofar coci kan wa za ta riga shiga, Kriemhild ta tona asiri gaban jama'a, daga nan Hagen babban bafaden Gunther ya ƙudurta sai ya kashe Siegfried. Shi kuwa ƙarfe ba ya cin shi tun da ya yi wanka da jinin dodon da ya kashe, sai wuri guda tsakanin kafaɗu inda ganye ya faɗo ya manne. Abin tausayi matarshi ce da kanta ta ɗinka alama a rigarshi daidai wurin, don Hagen ya ce mata zai riƙa kare shi a fagen yaƙi. Aka fita farauta, ya duƙa shan ruwa a marmaro, Hagen ya soke shi ta baya.

To wannan rabin waƙar ne kacal. Rabi na biyu duka ramuwar Kriemhild ce, ta auri Etzel wato Attila sarkin Hun, ta yi shekara da shekaru tana haƙuri sannan ta gayyato ƴan uwanta biki, aka rufe su cikin zaure aka cinna wuta, har suka kai ga shan jinin gawarwaki don ƙishirwa, a ƙarshe ta sa aka kashe wanta ta sare kan Hagen da hannunta, wani tsohon jarumi Hildebrand ya sare ta ita ma. Akwai ƙwayar tarihi a ciki, don a 436 ko 437 sojan Hun da ke ma Rumawa aiki sun murƙushe daular Burgund, wato mutanen su Gunther, tare da sarkinsu Gundahar.

Mi Wagner ya ɗauka daga nan? Kaɗan ƙwarai. Babban aikinshi Ring, wato Zobe, wasanni huɗu ne, awa wajen 15 in an haɗa, ya fara rubutu 1848 ya gama 1874 aka nuna shi cikakke a garin Bayreuth inda gidan wasanshi yake 1876, kuma sai a na huɗun ne za ka haɗu da Gunther da Hagen da farautar nan. Sauran duka, Wotan sarkin gumaka da ƴaƴanshi mata masu ɗaukar jarumai daga fagen fama, da wutar da aka kewaye Brünnhilde (Brünhild ɗin Wagner) da ita, da zobe mai la'ana, daga littattafan Aislan ya ɗebo su, Edda da Völsunga saga, waɗanda aka rubuta da wani harshe dabam. A cikin Nibelungenlied babu gumaka ko ɗaya, mutanen Worms Kiristoci ne masu zuwa coci. Kriemhild kuwa wadda ita ce uwar labari, da ita aka fara da ita aka ƙare, ya mai da ta wata ƴar sanyi-sanyi mai suna Gutrune, ramuwarta gaba ɗaya ya jefar. Ni wannan ya fi komi yi mini ciwo, don ban san wata mace a adabin Turai na wancan zamani da aka bi zuciyarta tun tana budurwa mai tsoron soyayya har ta zama abin da ta zama kamar ita ba. Zancen cewa sai wanda ya yafe soyayya ne zai iya ƙera zoben da zai mallaki duniya, wannan kuma nashi ne, ba za ka same shi a tsohuwar takarda ba, mutumin ya rubuta shi ne lokacin da kanshi ke cike da juyin juya hali, har sai da ya gudu daga Dresden a 1849 don ya shiga tawaye.

Ko tsarin waƙar ma bai bi na 1200 ba. Nibelungenlied amsa-amo take yi a ƙarshen layi. Wagner a Ring ya koma ma salon da ya girme ta, inda farkon kalmomi ke amsa juna, ji wannan, Winterstürme wichen dem Wonnemond, ka ga W sau uku. Haka ake waƙa a ƙarni na 9 kuma haka Edda take.

Ƴar Tibiri

Mushe Allah shi ƙara basira. Ni ban iya Jamusanci ba amma na karanta Parzival na Wolfram von Eschenbach cikin hwassarar Faransanci lokacin da nike iniversite Yamai, kuma in don ta ni ne ɗan uwa da shi za ka hwara, don akwai abin da yash shahe mu ciki wanda Wagner yac cire tas.

Littafin an yi shi tsakanin 1200 da 1210, layi wajen dubu 25, kuma ba da Parzival anka buɗe shi ba, da ubanshi Gahmuret anka buɗe. Shi wanga mutum barin ƙasarshi yay yi yat tahi hal Bagadaza shina ma sarkin can aikin soja, daga nan yab biyo ta wata ƙasa Zazamanc wadda sarauniyatta Belakane baƙar hwata ce, yat taimake ta yaƙi sunka so juna sunka yi aure. Tana da ciki yas sulale da dare yab bar mata wasiƙa wai don ba a yi mata baftisma ba, alhali mai waƙar da kanshi ya nuna muna ƙishirwar yaƙi ce ta ɗauke shi. Ta haihi ɗa Feirefiz, jikinshi dabbare-dabbare hwari da baƙi, don haka Wolfram yaz zata ɗan Bature da baƙar mace shike hitowa. To wanga yaro shi ne wan Parzival. Can ƙarshen littafi sunka gamu ba su san juna ba sunka kama hwaɗa, takobin Parzival yak kare, Feirefiz maimakon shi gama da shi sai yaj jefar da nashi yac ce ba shi yaƙi da wanda ba shi da makami, sunka zamna sunka yi magana sunka gane ubansu guda. Cikin dukkan jarumawan Kiristoci babu wanda yak kai Parzival ƙasa, sai ɗan Belakane, kuma shi ne yan nuna mishi dattako. Ku tuna hwa lokacin yaƙin ƴan gicciye ne anka rubuta wanga abu.

Ba ni cewa Wolfram ya san mu ko ya san Musulunci, bai sani ba, ya sa Feirefiz shina kiran Jupiter da Juno, kuma sai da anka yi mishi baftisma kahin idonshi shi ga Gral, abu mai tsarki da Parzival ke nema. Amma ya ba shi daraja. A Parsifal na Wagner na 1882 babu shi babu uwatai, ko ambato.

Abu na biyu wanda hal yau nike tunani. Parzival uwatai ta rene shi cikin daji don kada shi san yaƙi, da yah hito bai san komi ba shina ta tambaya, sai wani dattijo yak koya mishi ladabi yac ce mishi kada ka cika tambaya. Da yaz zo gidan Gral yag ga sarki Anfortas kwance cikin azaba da miki wanda ba shi warkewa, zuciyatai na son shi tambaya amma yat tuna horon da anka yi mishi yay yi shiru, ashe tambayar ce maganin. Kuma ashe kawunshi ne, ɗan uwan uwatai. Ya yi shekaru shina yawo shina hushi da Allah kahin a sake kiranshi, yaz zo yac ce kawu mi ke damunka, nan take mutum yaw warke. Mu da anka rena da kunya da kawaici wanga ya kamata shi taɓa mu, nawa ne cikinmu munka ga babba cikin wahala munka kau da kai wai ladabi. Wagner ya cire tambayar, a wurinshi mashi ne Parsifal yak ƙwato yat taɓa mikin da shi. Gral ɗin ma wurin Wolfram dutse ne mai ba mutane abinci, Wagner yam mai da shi ƙoƙo mai jinin Almasihu. Kuma Parzival na asali mai mata ne da ɗiya biyu shina begen matatai ko'ina yat tahi, na Wagner gudun mace ne tsarkinshi. Guda cikin ɗiyan nan shi ne Lohengrin wanda anka yi opera ɗinshi 1850, wanda waƙar rakiyar amarya da kuke ji cikin finafinan Turawa daga cikinta ta hito.

Ɗan Bagalam

Kai, Yaya wannan na Feirefiz ban taɓa ji ba, na gode sosai. Mushe kai ma Allah ya saka. To su waɗannan mawaƙan na da, rerawa suke yi da kiɗa ko karantawa ake? Don in rerawa suke ko Wagner ya ɗauki sautinsu.

Jikan Makaɗi

Bari in sa baki nan ɗana, don gidanmu gidan kiɗa ne kuma na ɗan bi tarihin mutanen nan. Sauti bai ɗauka ba, kiɗanshi nashi ne ɗari bisa ɗari. Dogayen labarai irin na Wolfram karanta su ake da ƙarfi a fada jama'a na saurare tunda yawancin sarakai da barade ba su iya karatu ba, Nibelungenlied ana jin rera ta aka yi amma karinta bai iso mu ba. Gajerun waƙoƙi su kam rerawa ake, kaɗan ne aka samu da alamar sauti, kamar waƙar Falasɗinu ta Walther von der Vogelweide.

Shi Walther in kana son ka gane shi ka dubi makaɗan fada na ƙasar Hausa, rayuwarsu ɗaya. Yawo yake daga wannan fada zuwa waccan, wanda ya ba shi ya wasa shi, marowaci ya sha zambo, har sarkin sarakuna Otto bai tsira ba. Takarda guda ɗaya tak ta hukuma da ta ambaci sunanshi yana raye lissafin kuɗin tafiya ne na bishop ɗin Passau na 1203, an rubuta an ba Walther mawaƙi sule biyar ya sayi rigar sanyi ta fata. Ka ji, babban mawaƙin Jamus duka, shaidar da ta rage kyautar riga ce. Sai wajen 1220 sarki Friedrich na biyu ya ba shi ɗan fili nashi na kanshi, ya yi waƙa yana shela ma duniya ya samu gonarshi ba ya ƙara tsoron sanyin Fabrairu a yatsun ƙafa. Duk ɗan gidan kiɗa ya san wannan farin cikin.

Wagner ya ɗauki mutanen da kansu ya hau da su dandamali. A Tannhäuser na 1845 ga Walther ga Wolfram suna gasar waƙa a ganuwar Wartburg gaban Hermann mai mulkin Thüringen, wanda da gaske ya yi zamani kuma da gaske yana riƙon mawaƙa, ya rasu 1217. Amma a tsohuwar waƙar gasar ta ƙarni na 13, gardamar ita ce wane ubangida ya fi wani, Hermann ko mai mulkin Ostiriya, kuma wanda aka ka da za a ba hauni shi. Wagner ya canza ya ce gasar kan mene ne soyayya, sannan ya haɗa da wani labari dabam na mawaƙin da ya je Rum neman gafara Paparoma ya ce mishi sai in sandar hannunshi ta yi toho, bayan kwana uku ta yi. A ganina a nan ya rage abu, ya ɓoye cewa waƙa sana'a ce ta cin abinci, ya mai da su masu mafarki.

Inda ya yi adalci shi ne Meistersinger na 1868. Bayan fadoji sun daina riƙon mawaƙa masu sana'ar hannu na birane ne suka gaji abin, dukawa da maƙera da masaƙa, suka kafa ƙungiyoyi da dokoki masu tsauri, ana zaunar da alƙali bayan labule yana ƙirga kuskuren mai waƙa. Hans Sachs baduku ne na Nuremberg, 1494 zuwa 1576, ya bar waƙoƙi sama da 4000 irin na ƙungiyar. Wagner ya samo dokokin daga wani littafi na 1697 ya sa su cikin wasan kusan yadda suke.

Abu Sabon Gari

Ni dai abin da na ji shi ne wannan Wagner mawaƙin Hitler ne, to ina amfanin mu ɓata mega muna sauraren shi, mu da ma ba su ɗauke mu mutane ba

Mushe na Mokoyo

Malam Abu maganarka tana da tushe, ba za a share ta ba. Ba su yi zamani ɗaya ba, Wagner ya mutu 1883 an haifi Hitler 1889, amma mutumin maƙiyin Yahudawa ne a fili, ya buga maƙala mai muni a kansu 1850 da sunan aro, ya sake buga ta 1869 da sunanshi. Hitler ya so kiɗanshi ƙwarai, surukar gidan Winifred ƙawarshi ce, yana zuwa Bayreuth kamar gidansu. Har yau a Isra'ila kusan ba a kaɗa shi a bainar jama'a.

Kuma ita kanta tsohuwar waƙar ba ta tsira ba. Ka san ta ɓace ma mutane ɗaruruwan shekaru sai 1755 aka tsinci kwafinta a wani gidan sarauta a Hohenems. Lokacin da Napoleon ya tattake ƙasashen Jamus masu ilimi suka shiga neman abin da zai haɗa kan jama'arsu, su Jacob Grimm da Karl Lachmann suka duƙufa kan tsofaffin takardu, Lachmann ya fitar da Nibelungen 1826 da Wolfram 1833, Karl Simrock ya mai da Nibelungen Jamusancin zamani 1827. Ta hannun waɗannan Wagner ya samu kayan, ba daga bakin tsofaffin ƙauye ba. Daga baya ƴan siyasa suka karɓe, bayan sun sha kashi 1918 babban hafsansu Hindenburg ya rubuta cewa sojansu sun faɗi kamar Siegfried da aka soka ta baya, a Janairun 1943 Göring na hannun daman Hitler ya kwatanta sojan da aka ritsa a Stalingrad da mutanen zauren Etzel don su mutu ba gardama. Alhali duk wanda ya karanta waƙar har ƙarshe ya san ba yabon wannan mutuwa take ba, babu wanda ya ci riba, sarki Etzel zaune yana kuka ga gawar ɗanshi ƙarami da aka sare ma kai a wurin cin abinci. Shi ya sa nake matsa ma ɗalibai su karanta asalin da idonsu kafin wani ya fassara musu. Ka ga abin da Ƴar Tibiri ta kawo, mutumin 1200 ya ba jaruminshi wa ɗan baƙar mace, na 1882 ya goge shi, in ba ka karanta duka biyun ba ta ina za ka sani.

Sauraren kiɗan kuma zaɓinka ne, ni ina saurare kuma yana ratsa ni, ban kuma manta ko wane ne ya yi shi ba.

Ɗan Bagalam, ga yadda zan ba ka shawara. Akwai bugu masu shafi biyu, tsohon harshe a hagu na zamani a dama, irin ƙananan littattafan nan masu arha na Reclam, ka sa wani mai zuwa daga Yamai ko daga can ya taho maka da Nibelungenlied. Kada ka ce sai ka gane kowace kalma, ka karanta dama ka riƙa leƙa hagu kana furtawa da ƙarfi, kunnenka zai kama kafin idonka. Babi na 14 na faɗan matan biyu da na 16 na farauta su za ka fara da su. Bayan nan ka nemi kashi na uku na Götterdämmerung, wasa na huɗu na Ring, mai rubutun Faransanci a ƙasa, ka ga yadda ya yi da farautar. In ka duba ƙarshen kashi na biyu za ka lura a wurinshi Brünnhilde ce ta faɗa ma Hagen bayan Siegfried ba shi da kariya, cikin fushi ta faɗa da niyya, ba matarshi ba cikin yarda. Tristan na Gottfried von Strassburg ka bar shi tukuna, layi sama da dubu 19 ne kuma marubucin bai ƙarasa ba, Jamusancinshi ya fi na sauran santsi, sai ka yi ƙarfi.

Ɗan Bagalam

To Mushe na rubuta su duka. Akwai wani abokin yayana da zai zo hutu daga Jamus zan roƙe shi littafin. Yaya Ƴar Tibiri in har fassarar Faransancin nan tana hannunki ki taimaka mini da aro, ina zuwa Tibiri ranar kasuwa sai in biyo in karɓa.